Dogon hutu ya haɗu da marka, yara huɗu sun hana ni sakat: in bari a kai su ƙauye?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni uwa ce a cikin birnin Kano, yarana huɗu: babban namiji shekara 13, mai bi masa mace shekara 10, sai namiji mai 7, sai autata mai shekara 3. Tun da aka yi hutu gidan ya zama filin daga. In ba faɗa a kan wayata ba, to a kan rimot in an kawo wuta. Babban da ya karya kumallo sai ya fice. Jiya ya dawo da jiƙaƙƙen wando, da na matsa masa ya ce kududdufi suka je da abokai. Babansu a kasuwa yake wuni, yanzu ya ce a kai su ƙauye wurin mahaifiyarsa su ƙarasa hutun, ni kuma ina tsoron sauro da nisan asibiti. Saura wata guda a koma makaranta, kuɗin lesin kuma ba mu da shi. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Maman yara. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Da kududdufi za mu fara, domin ita ce maganar da ba ta jiran gobe. Yawancin kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, shi ya sa bakinsu ba ya gangara a hankali kamar na rafi. Yaro zai tsaya inda ruwa ke gwiwarsa, ya ƙara taku ɗaya ya zurma inda zai shanye babban mutum, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa, ga ciyawa da tarkacen leda. A watan Agusta suke cika maƙil, ruwan ya yi duhu. Mai nutsewa kuma ba ya ihu. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kiran kowa, har abokansa su zaci wasa yake. Sau da yawa wanda ake rasawa na biyu shi ne wanda ya faɗa don ya ceci na farko. Babansu ya kamata ya zaunar da yaron yau da dare ya yi masa wannan bayani ɗalla-ɗalla. Bulala ba za ta koya masa komai ba sai shanya wando kafin ya shigo gida. A kuma gaya masa abin yi in wani ya faɗa a gabansa: kada ya bi shi ciki, ya kwarara ihu, ya kwanta a bakin gaɓa ya miƙa sanda ko igiya, ko ya jefa masa jarkar da ba komai a cikinta, murfinta a rufe.

Tunda ya riga ya shiga ruwan, ki sa ido a kan tsargiya. Ƙwayarta tana fitowa ne daga katantanwar ruwan da ke kwance, ta shiga ta fata, alamarta kuma ba ta bayyana nan take, sai bayan makonni ko watanni. In ya ce yana ganin jini a ƙarshen fitsari, ko fitsarin na yi masa zafi, a kai shi asibiti a yi gwaji. Maganinta sananne ne, ana ba da shi bisa nauyin yaro ko tsawonsa. Ki tambaye shi a keɓe, don yaro a shekarunsa kunya za ta hana shi faɗa.

Auta ma tana da nata kududdufin a cikin gida. Bokiti ko baho da aka tara ruwan sama ya isa ya kashe 'yar shekara uku, domin in ta leƙa ta faɗa da ka, ba za ta iya ɗago kanta ba. A juye ruwan a randa ko duro mai murfi da zarar an ɗauke, a kife bahon. Rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, asalin rikicin gidan naki. Yaranki ba lalacewa suka yi ba. Makaranta ce take riƙe musu yini, ta ce yanzu a yi kaza, an jima a yi kaza. Da aka cire ta, sai yinin ya zama kamar buhun da babu komai a ciki, ba ya tsayawa. Waya da rimot su ne kaɗai abin mallaka a gidan, don haka a kansu ake dambe. Maganin shi ne kowane yaro ya sami wani abu da yake nasa shi kaɗai, wanda in bai kula da shi ba zai lalace a kan idonsa. Yaron da kazarsa ke kwanci ko shukarsa ke tsiro yana da dalilin tashi da safe, kuma ba ke za ki riƙa tuna masa ba.

Ba sai kin zana jadawali mai awa-awa kin manna a bango ba, ba ya wuce kwana uku. Ki rataya yinin a jikin salloli, tunda su ba sa canzawa. Bayan asuba tilawa da bitar hadda, ko da shafi ɗaya ne, musamman ranakun Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya. Bayan karin kumallo aikin gida, kowa da nasa, maza ma su yi shara da wanke-wanke. Daga nan zuwa azahar, kowa ya koma kan abin da yake nasa. Bayan azahar abinci da kwanciya. La'asar zuwa magariba wasa a ƙofar gida, inda za ki iya kira su ji. Kiran magariba ya sami kowa a ciki, kuma wannan dokar kada ki ɗaga wa kowa ƙafa a kanta.

Babban ba za ki iya tsare shi a tsakar gida ba, kuma bai kamata ba. Ƙarfi ne ke cinsa. A nema masa wurin koyon sana'a na safe, daga ƙarfe tara zuwa azahar, wurin mutumin da babansa ya sani ya kuma yarda da halinsa: tela, mai gyaran keke, kafinta, mai gyaran waya, ko rumfar baban kansa a kasuwa, wadda ita ta fi kowanne. Babansa ya kai shi da ƙafarsa ya damƙa, a yi magana a fili kan abin da zai koya a wata ɗaya. A wurin tela, misali, sa maɓalli, kalmasa, guga, da taka keke a kan ƙyallen gwaji har layinsa ya miƙe. In ba a yi wannan magana ba, abin da ke faruwa shi ne yaro ya ƙare a ɗan aike, sayo shayi, sayo kati, ya koma yawon da ake gudu. A guje wa walda da janareto da duk wurin da ake aiki da wuta ko fetur a shekarunsa. Kowane dare a tambaye shi me ya yi yau da hannunsa.

Mai shekara bakwai a ba shi kaza. Damina lokaci ne da kajin gida ke yawan kwanci, don haka ba wuya a sami wadda ta fara a wurin maƙwabta ko dangi. A sa mata ƙwai takwas zuwa goma, waɗanda aka tabbatar akwai zakara a inda aka ɗauko su, kuma ba su wuce mako guda da nasawa ba. Kada a wanke su. A yi wa kowanne alama da fensir, don in wata kaza ta ƙara nata a gane. Sheƙar a yi ta a tsohon kasko ko kwando, a barbaɗa toka a ƙasa saboda ƙuma, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗaga ta daga ƙasa a lungun da feshin ruwa ba ya kaiwa. Aikin yaron shi ne ya ajiye tsaba da ruwa kusa kowace safiya, ya kuma ja layi ɗaya a bango da gawayi. Ranar da layi ya kai 21 za ta ƙyanƙyashe. In ƙwan zabo aka sa mata, wanda yake da yawa a kasuwa yanzu, sai ya ƙirga har 26 zuwa 28. A kwana na goma za ku iya haska ƙwai da tocila cikin duhu: mai ɗa za a ga jijiyoyin jini da duhu a ciki, wanda ya yi fayau kuwa ba komai, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe a kan sauran. Abin da ke kashe 'yan tsaki a wannan lokaci sanyin jiƙewa ne, sai shirwa, sai faɗawa cikin kwanon ruwa. Don haka makonnin farko a kife su da uwarsu a akurki ko babban kwando a busasshen wuri, ruwansu a murfin roba mara zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, abincinsu ɓarzajjen gero ko masara. Ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa su, auta kuma a raba ta da kashin kaji.

Yarinyar, kafin komai, ki kiyaye kada hutun ya zama na maza ita ta zama 'yar aikin gida da raino. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma yara mata suna riƙe shi a zuciya. Ta taya ki girki, ta ƙware a miya ɗaya daga jajjage har saukewa, amma ita ma ta sami nata. Lambun buhu ya dace da ita. A sami tsofaffin buhunan shinkafa biyu ko uku, a huda gindinsu da gefen ƙasa wuri goma ko fiye, a ɗora su a kan duwatsu ko bulo inda rana ke samu aƙalla awa biyar. Haɗin ƙasar: kwano biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka ta gauraya rabin ƙaramin cokali da yashi cikin tafin hannu, ta barbaɗa, ta rufe da ƙasa sama-sama, ta ɗora 'yar busasshiyar ciyawa don kada ruwa mai ƙarfi ya kwashe irin. Cikin kwana uku zuwa biyar zai tsiro, sai a ɗauke ciyawar. In ya kai tsawon yatsa ta rage cunkoso, ta bar faɗin yatsu huɗu tsakanin kowanne. Mako uku zuwa huɗu za ku ci miyarsa, kuma in ta yanka daga sama ta bar kamar taƙi ɗaya, zai sake tohowa. A buhu na biyu ta sa kuɓewa ko yakuwa. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana, a sa ƙwaya biyu a rami, ita sai wajen wata biyu take fara 'ya'ya. A marka yawan ruwa ne ke kashe shuka, ba ƙishi ba. In ganye ya fara rawaya, ta duba ko ramukan buhun sun toshe. In ta ga huji a ganye, tsutsa ce, ta duba bayan ganyen da sassafe ta tsince da hannu. Maganin feshi kada ya shiga hannun yaro ko kaɗan. Ranakun da ruwa ya hana fita, kwarashi da zare ƙulli ɗaya, ko ɗinkin hula wurin wata maƙwabciya da ta iya, za su cinye mata awanni.

Ranakun ruwan nan ki tuna musu da wasannin da ba sa buƙatar caji. Dara ramuka talatin ne, biyar a shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ana iya zana ta a kwali. Ga carafke, ga motar kara ko ta gwangwani da mazan za su ƙera tare. In an ɗauke wuta da dare kuma, ki ce "ga ta nan, ga ta nanku" ki ga yadda har babban zai matso.

Waya kuwa ki sa mata lokaci ɗaya tak, bayan la'asar ko bayan isha, kowa minti ashirin zuwa talatin, a tsakar gida ko falo inda kike ganin fuskarta. Wanda ya yi faɗa a kanta ya rasa rabonsa na gobe. Ki canza lambar buɗewa yau, ki kuma bar ta ta kwana a ɗakinki. Kwana uku na farko za a yi kuka da ƙunci, ki daure.

Sai maganar ƙauye. A ganinmu maigida yana da gaskiya a kan tafiyar, ke kuma kina da gaskiya a kan tsoron, abin da ya rage tsari ne. Zumunci a ƙafa yake, kuma abin da yaran birni za su samu a kwana goma wurin kakarsu ba lesin da zai ba su: su ga gero yana fitar da kai, su ci gasasshiyar masara da tumu in ya nuna, su bi 'yan'uwansu kiwo, su san wane ne baffa wane ne kawu. Amma wata guda cur ya yi yawa, kuma auta ta zauna tare da ke. Kada ki ce masa ba kya so su je wurin mahaifiyarsa, wannan zai ji shi a wani wuri dabam. Ki ce kin amince, ga abin da kike so a tanada. Abu ɗaya ne zai soke tafiyar gaba ɗaya: in yankin na fama da matsalar tsaro, ko akwai rafi a hanya da ke cika ya yanke gari. In haka ne, a ɗauko Hajiya ta zo birni ta yi mako biyu da jikokinta.

In lafiya lau ne, ga yadda lissafin zai zauna. Makon farko a sa wa kaza ƙwai, a shuka buhu, babba ya fara zuwa shago. A kwana na takwas su tafi, tafiyar safe, su dawo a na goma sha bakwai ko sha takwas. Ruwan sama zai shayar da alayyafo, ke ki zuba wa kaza tsaba, su kuma su dawo saura 'yan kwanaki a ƙyanƙyashe. Kin ga ba wanda zai yi gardamar dawowa.

Su tafi da gidan sauronsu, da igiya da ƙusoshin ratayawa, kada a dogara da na can. In sabo ne a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a fara kwana a ciki, in tsoho ne a ɗinke hujinsa. A nuna wa babban yadda ake cusa gefensa a ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗora masa alhakin ƙannensa kowane dare. Sauron da ke kawo zazzabi daga magariba zuwa asuba yake cizo, don haka hirar dare a yi ta da riga mai dogon hannu. Yarinyar ta kwana a ɗakin kakarta, ba aike bayan magariba, ba shiga ɗakin wani namiji ko da ɗan'uwa ne, kuma ki gaya wa dukkansu, maza da mace, cewa duk wanda ya taɓa su inda bai dace ba su faɗa miki, ba za ki dake su ba. Gona da takalmi rufaffe, ba sa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin ciyawa. In maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ki ja musu kunne kada su sha komai daga gorar lemo da suka tsinta a gona ko rumbu, domin manoma kan zuba maganin ciyawa a irin waɗannan gorunan. Dokar kududdufi ta bi su har rafi da fadama. In hadari ya taso da tsawa, ba fakewa a gindin bishiya, ba jingina da katangar ƙasa da ta sha ruwa. Kafin su tashi, babansu ya san asibiti mafi kusa, da mai babur ɗin da za a kira da dare, ya kuma bar kuɗin hakan a hannun Hajiya.

Ki sa musu sinadarin gishiri da sukari na leda guda huɗu ko biyar a jaka, saboda gudawa. In babu, ana haɗawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fi hawaye gishiri, an zarce, a zubar a sake. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko amai da ya hana komai zama, wannan na asibiti ne nan take, ana tafiya ana ba shi yana kurɓa.

Zazzabi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu bayan cizo kafin ya fito, saboda haka yaro zai iya dawowa garau ya kwanta bayan kwana goma. Wannan ma dalili ne na dawo da su da wuri, kada ciwon ya faɗo a makon farko na makaranta. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a yi masa gwajin jini a ranar, minti ashirin ne, kada a sayi magani a kemis da ka. In an tabbatar, maganin da aka fi bayarwa sha shida ne cikin kwana uku, bisa nauyin yaro, ana shansa bayan abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Inda ake kuskure shi ne a daina a rana ta biyu don jiki ya yi sanyi, sai ciwon ya dawo. Jijjiga, yawan barcin da ba a iya tashinsa, ƙin shan komai, ko tafin hannu ya yi fari fat, waɗannan ba sa jiran gari ya waye. Ita kuma auta, shekarunta sun shiga cikin masu karɓar maganin rigakafin zazzabi da ma'aikata ke bi gida-gida suna bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata a damina. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku ke za ki ba ta, kuma nan ne iyaye da yawa ke mantawa. Ki adana katin. A gidanki ma ki sa mai shekara bakwai ya zagaya kowace Juma'a ya kife gwangwani da tsohuwar taya da duk abin da ya tara ruwa, domin sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya zuwa kwana goma ne.

Rashin kuɗin lesin kada ya dame ki. Minti ashirin na karatu da murya kowace rana, daga littattafansu na zangon da ya wuce, babba ya saurari ƙarami, ya wadatar ya hana su mantuwa. Lissafi kuma a cefane yake: ki ba yarinyar kuɗin, ta rubuta abin da aka saya, ta fitar da canji kafin a ƙirga. Ƙaramin ya ƙirga ƙwai da kwanaki, ya faɗi saura nawa.

Kwana goma na ƙarshe na komawa saiti ne. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa tara zuwa goma sha biyu, babban kuma takwas zuwa goma. In sun saba kaiwa sha ɗaya na dare, ki riƙa jawo lokacin kwanciya baya da minti goma sha biyar kowane dare, tashin asuba kuma kada a koma barci mai tsawo bayansa. A fito da yunifom da takalma a gwada tun yanzu, don yara suna tsawo a hutu, teloli kuma cika suke yi a makon komawa. Wandon da ya ɗage a warware kalmasarsa, maɓallin da ya fita a mayar, kuma wannan aikin a miƙa wa babban, in wurin tela aka kai shi koyo.